Littafin da Ya Hana Sarki Ɓuya

A shekarar 1932 wata maɗaba'a a birnin Bairut ta fitar da wani siririn littafi mai harshe biyu, Larabci da Turanci. Maɗaba'ar ta limaman Katolika ce, ita ce kuma ta buga ƙamus ɗin Munjid, wanda da wuya ka shiga ɗakin karatun babban malami a ƙasar Hausa ka rasa shi. Wanda ya shirya littafin ya kuma fassara shi Bature ne mai suna T. H. Baldwin, cikin ma'aikatan ilimi na Arewacin Nijeriya. Amma maganar da ke ciki ta girmi wannan bugu da shekara fiye da 400, kuma a ƙasarmu aka haife ta. Risala ce ta Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, wadda malamai suka sani da suna Tajuddini, a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Riwayar da ta shahara ita ce ya rubuta ta ne saboda Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499.

Mu mutanen Maruta ta ƙasar Gwaram muna da haƙƙi a wannan littafi. Kafin ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka yanki Jigawa daga Jihar Kano, Gwaram da Birnin Kudu ƙasar Kano ce, kuma kakanninmu sun daɗe suna kai haraji da kuka birnin Dabo. Duk abin da aka faɗa wa Sarkin Kano game da talakawansa, da mu ake. Har ma zan ce ya fi shafar mu fiye da mazauna cikin badala, domin mu ne na bakin iyaka, waɗanda ke can kudu maso gabas inda ƙasar Kano take haɗuwa da ta Bauchi, tafiyar fiye da kilomita 100 daga ƙofar fada.

Almagili mutumin Tilimsan ne a Aljeriya ta yau. Ya zauna a Tuwat cikin Sahara, ya ratso ta Ahir, ya iso Kano wajajen 1492, ya zauna a Katsina, daga baya ya wuce Gawo inda ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu na Songhai. Har gobe unguwar Sharifai a Kano tana danganta kanta da shi. Risalar tasa babi 8 ce. Ya fara da kyautata niyya, ya bi da kamalar sarki a sutura da zama, sai tsara ma'aikatan daula, sai yin hattara a gida da kan hanya, sai binciken al'amura, sai adalci a hukunci, sai halattattun hanyoyin tara dukiya, ya rufe da inda ya kamata a kashe ta. Mai karatu da sauri zai gama ta tsakanin La'asar da Magariba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda babukan suke ƙarewa. Ko a kan sutura yake magana, ko a kan dawaki da makamai, ko a kan baitulmali, sai ya juyo ya rufe da gargaɗi guda, kamar amshin waƙa. Gargaɗin a kan sarkin da ya ɓuya wa jama'arsa ne, kuma Almagili ya ɗauki wannan ɓuyan a matsayin tushen da sauran masifu suke tsirowa daga gare shi. Kalmar da ya zaɓa dangin hijabi ce, wato sanya labule tsakaninka da wani.

Malami irin Almagili ya san zunubai da yawa da zai iya ɗorawa a kan gaba. Ya san zalunci, ya san cin hanci, ya san zub da jini, kuma duk ya yi magana a kansu. Me ya sa ya zaɓi labule?

Da farko dai labulen na gaske ne, ana ganin sa da ido. Ibn Batuta, wanda ya ratsa ƙasashen Sudan a tsakiyar ƙarni na 14, ya ba da labarin cewa Sarkin Barno na lokacin ba ya bayyana ga mutane, daga bayan labule yake musu magana. A fadar Mali ma ya tarar sai ta bakin tafinta ake isar da magana ga sarki, ko da kuwa mai maganar da sarkin harshensu ɗaya. Wannan tsohuwar al'adar sarauta ce a ƙasashen nan: a nisanta sarki don a ƙara masa girma. Shi kansa Rumfa, littafin Tarihin Kano ya lissafa masa abubuwan da ya fara, cikinsu akwai gina Gidan Rumfa, da kakaki, da figini, da kulle, da majalisar Tara ta Kano, da ba bayin fada manyan muƙamai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙara wa sarauta armashi, kuma kowane ɗaya yana ƙara taku tsakanin sarki da mai noman gero. Ga sarkin da yake cikin gina katanga, sai ga baƙon malami yana nanata masa haɗarin katanga. Wannan ƙarfin hali ne da ya cancanci a yaba.

Amma kada a ɗauka Almagili yana ƙin kwarjini. Babi guda ya ware yana koya wa sarki yadda zai zauna da natsuwa, ya rage motsi, ya guji ƙyalƙyala dariya a bainar jama'a, ya sa tufafi masu kyau cikin abin da shari'a ta halatta. Wani babin kuma cike yake da hattara: wa zai kusanci abincinsa, wa zai tsare shi, yadda zai kwana a wurin da ba a amince da shi ba. Ya yarda da dogari a bakin ƙofa. Abin da bai yarda da shi ba shi ne kwarjini ya rikiɗe ya zama toshe kunne. Hausa tana da wannan bambancin tun asali. Muna cewa wane yana da kwarjini, muna yabo. Muna cewa wane ba ya ganuwa, muna kuka.

A babin adalci ne maganar ta fito fili. Can ya wajabta wa sarki ya zauna kowace rana a wurin da mata da yara za su iya isa gare shi. Dalilin da ya bayar shi ne abin da ya fi komai nuna cewa mutumin nan ya san mulki daga ciki. Ya ce naɗa alƙalai da wakilai bai wadatar ba, domin sau da yawa ƙarar da talaka yake ɗauke da ita ƙarar waɗannan wakilan ce. In hakimi ne ya ƙwace maka gona, aka ce ka kai kuka wurin hakimi, to an rufe maka baki ne da sunan tsari.

Ku lura da waɗanda ya ambata. Bai auna mulki da attajiri ba, wanda kyautarsa take buɗe masa kowace ƙofa. Bai auna shi da malami ba, wanda ake tashi tsaye in ya shigo. Ya auna shi da bazawarar da aka cinye wa gādo da marayan da waliyyinsa ya sayar masa da shanu. In waɗannan biyun sun iya isa gaban sarki ba tare da sun biya kowa ba, to ƙofar a buɗe take ga kowa. In sun kasa, duk yawan masu shiga da fita a fada bai canza komai ba. Na karanta littattafan zamani da dama a kan shugabanci, ban ga ma'aunin da ya fi wannan sauƙin fahimta da wuyar maguɗi ba.

Babin binciken al'amura ya zo da ɗaya ɓangaren. Bai isa sarki ya jira a zo masa ba, sai ya nemi sani da kansa: halin waɗanda ke kurkuku, halin dukiyar marayu, halin ma'aikatansa. Ya ba da shawarar a ƙididdige abin da ma'aikaci ya mallaka kafin a naɗa shi, a riƙa duba abin da ya ƙaru. Takardar bayyana kadarori da ake cika wa hukumar ɗa'ar ma'aikata a Abuja yau, ashe an ba Sarkin Kano shawararta tun ƙarni na 15.

Yanzu mu tsaya a Gwaram ta ƙarni na 19 mu dubi Kano. A tsarin wancan lokaci mafi yawan masu riƙe da ƙasashe a birni suke zaune, kusa da sarki, suna aika jakadu su karɓo haraji su kawo labari. Kukan mutumin ƙauye sai ya bi ta mai unguwa, ya bi ta dagaci, ya bi ta jakada, ya kai ga uban ɗakin jakadan, daga nan ya nemi hanyar shiga ciki ta hannun manyan bayin sarki, su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. A kowace ƙofa maganar tana rage nauyi, gaisuwar tana ƙara nauyi. Sunayen kansu suna da abin faɗa. Sallama ita ce kalmar neman izinin shiga. Shamaki asalinsa wurin ɗaure dawaki ne, mai sarautar kuma shi ke kula da su, amma a bakin Bahaushen yau shamaki ya zama duk abin da ya gitta tsakanin mutum biyu. Harshe ya ga abin da ya faru, ya adana shi.

Shugabannin jihadi sun san Almagili sarai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa hujja da amsoshinsa ga Askiya, ya kuma kawo wasiƙarsa ga Sarkin Kano a rubuce-rubucensa. A Kitabul Farƙi kuwa, inda Shehu ya bambanta mulkin adalci da na zalunci, ya yi wani abu da nake jin daɗinsa ƙwarai. Da ya zo lissafa hanyoyin da sarakunan Hausa suke cin dukiyar mutane, sai ya bar kalmomin da Hausarsu a tsakiyar Larabci: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, tawasa, kamuwa. Bai lulluɓe su da kalmomin littafi ba. Ya kira su da sunan da mai biya ya san su da shi, don kada wani ya ce ba da shi ake ba.

Gaisuwa ta fi ba ni tsoro a cikinsu. Babu kalmar da ta fi ta tsarki a zaman Bahaushe. Da ita ake buɗe gari, da ita ake duba mara lafiya, da ita ake ta'aziyya. Sai ga shi an ɗauke ta an rufa a kan abin da ake miƙawa don a ga fuskar mai mulki. Inda duk aka sa labule, sai an sami mai riƙe da gefensa, kuma mai riƙe da gefen labule ba ya ɗagawa a banza. Wannan shi ya sa Almagili ya mayar da ɓuya uwar sauran laifuffuka. Cin hanci ɗanta ne na fari.

Jihadi bai kashe matsalar ba, kuma wanda ya fara faɗin haka ɗan gida ne. Wajajen 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu, ya ga yadda son mulki da dukiya suka fara shiga zukatan wasu mabiya, ransa ya ɓaci, ya kama hanyar Makka. A Kano aka tare shi aka roƙe shi ya tsaya ya koyar, a nan ya rubuta Liya'ul Hukkami don ya nuna wa sababbin masu mulki yadda ake yi. Kano ke nan ta karɓi littafi na biyu a kan abu ɗaya, bayan shekara 300. Ba a jima ba kuma, a tsakiyar ƙarnin, Malam Hamza na Tsakuwa da jama'arsa suka yi saɓani da hukumar Kano a kan kuɗin ƙasa, suka tashi suka shiga duwatsun Ningi. Daga nan aka sami daular da ta shafe shekaru tana kai hari kudancin Kano. Su wa suka fi shan wuyar wannan? Garuruwan bakin iyaka, wajajen Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda ba su aza harajin ba, ba kuma su suka ƙi sauraron kukan ba. Rigimar da za a iya kashewa da zama guda a gaban sarki, sai da aka yi shekaru ana biyan ta da rayuka da rumbuna.

Mu koma ga bugun 1932, domin shekarar tana da ma'ana. Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903. Cikin 'yan shekaru, a zamanin Razdan Cargill, suka sake fasalin ƙasa zuwa gundumomi, suka tilasta wa hakimai barin birni su je su zauna cikin talakawansu. A ido wannan ya yi kama da abin da Almagili yake so, nesa ta zo kusa. Aka kafa baitulmali, aka yanka wa sarki da hakimi albashi. Lokacin da Baldwin ya fitar da littafin, ana cikin zafin aikin samar wa makarantun Arewa abin karantawa. Ofishin fassara ya koma Zariya, ana buga Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, kuma a 1934 aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano. Gwamnatin mulkin mallaka tana bukatar sarakuna masu tsari, ga kuma tsohon littafin Musulunci yana kiran sarakuna zuwa ga tsari. Ba abin mamaki ba ne ya burge ta.

Sai dai akwai abin da ya canza wanda shafukan ba su nuna ba. Sarkin da Almagili yake wa magana babu kowa a samansa sai Allah, saboda haka da tsoron Allah ya ɗaure shi, ya kuma juyar da fuskarsa ƙasa wajen talakawa. Sarkin 1932 yana da Razdan a samansa, Razdan yana da Gwamna, Gwamna yana da Landan. Wanda zai iya tuɓe rawani yana sama, don haka ido ya koma sama. Mutumin Maruta yana iya ganin hakiminsa a ranar kasuwa, amma wanda ya yanke yawan harajin da zai biya yana bayan wani labulen da babu sallamar da take ɗaga shi, labulen harshe da teku. An buga littafin hana ɓuya a daidai lokacin da mai mulki na gaskiya ya fi kowane lokaci ɓuya.

Duk da haka ina girmama wannan bugu. Kafinsa risalar tana yawo ne a rubutun hannu, warƙa-warƙa ba ɗinki, cikin gafaka, a kan takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku da fatake suke kawowa daga Italiya ta Tarabulus. A ƙasan kowace warƙa marubuci yana sa kalmar farko ta warƙar gaba don kada tsari ya rikice. Irin wannan littafi gara tana cin sa, damina tana jiƙa shi, magada suna raba shi. Ɗab'i ya cece shi daga wannan, ya kai shi ɗakunan karatu na duniya. Daga baya masana suka ɗora: Hassan Gwarzo ya yi digirinsa na uku a Landan a kan rayuwar Almagili da koyarwarsa a 1972, John Hunwick ya fitar da amsoshinsa ga Askiya a 1985. Amma ɗab'i ya yi asarar wani abu. Gefen warƙar rubutun hannu fili ne na almajirai, inda suke rubuta ma'anar kalma da ajami kamar yadda malam ya faɗa. A can ne Larabci yake zama Hausa. Bugun Bairut gefensa fari ne fes, fassararsa kuma ta nufi wani mai karatu dabam.

Akwai masu son kwatanta Almagili da Makiyabeli na Italiya, wanda ya rubuta nasa littafin na sarakuna a 1513, kimanin shekara 20 bayan namu. Kwatancen yana daɗaɗa rai, amma tambayoyinsu sun bambanta. Na Italiya yana tambayar yadda mai mulki zai riƙe mulki. Na Kano yana tambayar yadda mai mulki zai tsira ranar hisabi. Kuma gaskiya ta wajabta in faɗi wani abu game da marubucin namu. Kafin ya zo Kano, shi ne ya jagoranci gābā da Yahudawan Tuwat, aka rushe wurin ibadarsu a Tamantit, aka zub da jini, alhali wasu manyan malaman zamaninsa sun saɓa masa a kan haka. Mutum ne mai kaifin ra'ayi wanda kaifinsa ya yi yanka inda bai kamata ba. Su ma mutanen Tamantit raunana ne a ƙarƙashin amanar Musulmi, kuma ma'aunin da ya ba Rumfa yana hawa kansa shi ma. Wannan bai rage gaskiyar ma'aunin ba. Yana dai tuna mana cewa littafi muke ɗauka da hujjarsa, ba mu mayar da marubuci ma'asumi.

Waɗanda ake mulka, Almagili ya kira su da kalmar Larabci mai asali daga kiwo, kamar yadda ya zo a sanannen hadisin nan da ya mayar da kowane mai iko makiyayi abin tambaya. Mutanen yankinmu ba sa bukatar a yi musu sharhin wannan. Tsofaffin zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, mafi yawansu shanu ne, kuma har yau kowa ya san makiyayin da ya kwanta a rumfa ya bar garke ga yaran haya, ƙarshensa biyan ɓarna. Ita ma kalmar siyasa a Larabci daga kula da doki ta fito. Da ta shigo Hausa sai ta zauna da ma'anar lallashi da iya tafiyar da mutane. Tsofaffi suna cewa a bi shi da siyasa, suna nufin a bi shi a hankali. Yau in aka ce wane ya yi maka siyasa, ana nufin ya yaudare ka. Tsakanin ma'anar farko da ta biyu akwai tarihin alkawuran da aka yi a bakin kasuwa aka manta da su a ofis.

Talaka ma ya sauya. A da duk wanda ba shi da sarauta talaka ne, ko da raƙuma ɗari gare shi. Attajiri talakan sarki ne, kuma kalmar tana ɗauke da alaƙa: ni talakanka ne, kai kuma akwai abin da nake bin ka. Sannu a hankali ta koma nufin wanda ba shi da komai. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, su Malam Aminu Kano suka ɗaga kalmar suka mayar da ita tuta, suka ce wanda ake kiwo shi ma yana da baki. A nan ne zamani ya wuce Almagili, kuma daidai ne ya wuce shi. Shi ya roƙi sarki ya buɗe ƙofa don tsoron Allah. Bai ba talaka mabuɗi ba. Ƙuri'a ce ta zo da wannan alkawarin.

To ina muke yanzu? A taswira, ba a taɓa kusanto da mulki kamar yau ba. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo sakatariya kusa da ƙauye. Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27, Gwaram ɗaya ce a ciki, Maruta kuma mazaɓa ce mai kansilanta. Dutse ta fi Kano kusa, a can fadar masarautarmu take, a can gidan gwamnati yake. Ƙasar Birnin Kudu ta ba jihar gwamna, Sule Lamido na Bamaina, daga 2007 zuwa 2015, kuma a zamaninsa aka yi taron talakawa a Dutse inda masu ƙaramin ƙarfi suka tsaya gaban manya suka faɗi damuwarsu. Gwamnatin Umar Namadi ma ta fito da shirin Gwamnati da Jama'a, na zagaya ƙananan hukumomi a saurari mutane. Waɗannan abubuwa ne masu kyau, ba na raina su. Amma sharaɗin Almagili kowace rana ne. Taron da ake yi wa shiri, a kafa rumfuna, a zaɓi masu magana, yana da amfaninsa, sai dai zalunci ba ya jiran ranar taro. Matar da aka hana wa gadonta ranar Talata, ranar Laraba take bukatar kunne.

Labulen yau ba na saƙi ba ne. Baƙin gilashin mota ne da jiniya. Lambar waya ce da take daina shiga bayan rantsuwa. Wakili ne da ya kwashe iyalinsa ya koma Dutse ko Kano ko Abuja, ya bar wani yaro a gida yana cewa oga ya yi tafiya, wato jakada ya dawo da sabon suna. Takarda ce da aka rubuta da Turancin da ko mai digiri sai ya yi ta maimaitawa. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babbar manufar gwamnati, amma ya sa wannan a babin da ba a iya kai ƙara kotu a kansa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana nan, ita ma ƙoƙari ce na ɗaga labule, amma manomi nawa ne a garuruwanmu na Kila ko Sara ko Basirka suka taɓa jin cewa suna da ikon tambayar nawa aka ware wa rijiyar garinsu?

Abin da ya fi damuna shi ne littafin da kansa ya shiga bayan labule. Almajirinmu yana fara Ahalari, ya wuce Ishmawi da Iziyya, ya shiga Risala, mai himma ya kai Askari da Muhtasar. Wanda zai yi alƙalanci ya ƙara da Tuhufa. Duk waɗannan wajibi ne, da su muka san tsarki da salla da ciniki da gādo. Amma Tajuddini ba ya cikin jerin da aka saba biya wa almajiri a zaurukanmu, haka Liya'ul Hukkami, haka Usulus Siyasa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina. Mun haddace haƙƙin shugaba a kanmu, ana tuna mana shi a huɗuba. Haƙƙinmu a kan shugaba, wanda malamanmu na farko suka rubuta baƙi da fari, ya zauna a jami'o'i da ɗakunan ajiye tsofaffin takardu a Kano da Zariya da Kaduna, cikin harsuna biyu da bazawarar nan ba ta ji.

Gyaran wannan bai fi ƙarfin malaman Gwaram da Birnin Kudu ba. Larabcin risalar bai fi na Risala wuya ba, kuma masu iya warware shi suna nan a kowane gari. Babi 8 ne, ana iya ɗaukar babi guda kowane dare tsakanin Magariba da Lisha, malam yana ja yana fassarawa yadda aka saba, a gama cikin mako guda da kwana ɗaya. A gayyaci dagaci da kansila su zauna a tabarma ɗaya da kowa. A kai lasifika ɓangaren mata, ko a maimaita karatun a makarantun Islamiyya na matan aure, tunda su marubucin ya ambata da suna. In an zo babin dukiya, malam ya yi irin ta Shehu, ya kira kowane kuɗin da ake karɓa a kasuwa da tasha da ofis da sunan da mai biya ya san shi da shi, sannan a duba a wane layi ya faɗa, na halal ko na haram.